Don-Me da Takardar Inshora

A tashar motocin haya babu mai kiransa da sunansa na yanka. Don-Me ake ce masa, saboda bakinsa ba ya rabuwa da tambaya. Don me taya ke da lambobi a gefe? Don me ba a shan ruwan batir? Makanikai in sun hango shi sai su shige ƙarƙashin mota, shi kuwa ya tsuguna ya bi su da tambayar har can.

Shekara ashirin da shida yana tuƙi, amma akwai abu ɗaya da bai taɓa tsayawa ya tambaya ba, takardar inshora. Duk shekara sai ya je kamfanin ya sabunta ta, a manne masa ita da leda, ya cusa a aljihun mota tare da lasisi. A wurinsa, kamar sauran direbobin tashar, takardar 'yan sanda ce: a tsayar da kai, ka miƙa, a ce wuce.

Wata Talata da hantsi yana ja da baya a wani lungu, ƙafarsa ta zame daga birki. Bayan motar ya ture ƙofar shagon wata tela, ya fasa gilashi, ya kifar da keken ɗinkinta. Allah Ya sa ta fita sayo zare. Da ta dawo ba ta yi ihu ba, tsayawa kawai ta yi tana kallon keken, har Don-Me ya ji gara ma ta zage shi.

Direbobi suka taru don a sasanta a bakin titi, yadda suka saba. Aka yi ta ba ta haƙuri, aka tsayar da magana a kan zai sayo sabon keke ya gyara ƙofa. Ba shi da abin yin haka sai ya sayar da motar, kuma da ita yake ci da iyalinsa. Kafin la'asar har dillali ya zo ya zagaya ta yana shurin tayoyi.

Yana haɗa takardun motar a gida don ya ba dillalin, babbar 'yarsa mai karatun jinya ta ɗauki ta cikin ledar.

"Baba, ka taɓa karanta wannan kuwa?"

"Ta 'yan sanda ce, ajiye."

"To ai ga shi an rubuta suna biyan ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani."

"Su wa?"

"Kamfanin mana! Kai da ka hana kowa sakat da tambaya."

Kunya ta kama shi, amma son jin ƙarshen zancen ya fi kunyar ƙarfi. Washegari ya riga mai shara isa ofishin inshora. Ma'aikaciyar da ke karɓar baƙi ba ta gama ajiye jakarta ba ya fara.

"'Yata, don me hukuma ta sa mana wannan dole?"

"Saboda wanda ka buge, Baba. Ba shi ya zaɓi ya gamu da kai ba."

"To tawa motar fa? Bayanta ya lotse."

"Wannan irin ba ta gyara taka. Akwai wadda ke haɗawa har da taka, amma ita ba dole ba ce."

Ya riƙe haɓa. "Wato duk shekarun nan ina biya wa mutumin da ban sani ba?"

"Ai jiya kun san juna," in ji ta.

Ta ɗan yi masa faɗa a kan alƙawarin da ya ɗauka a titi kafin ya sanar da su. Ta ce ya kawo rahoton 'yan sanda da hotunan shagon da bayanin telar. Abin zai ɗauki makonni, amma kada ya kuskura ya sayar da mota.

Ya miƙe jikinsa sakayau. Har ya kai ƙofa sai ya ja ya tsaya, don ya tuna amininsa Dogo. Shekara goma sha ɗaya ke nan da Dogo ya rushe katangar wani gida da motarsa, aka sasanta, ya sayar da ita ya biya. Tun daga nan gadi yake yi a wata makaranta. Don-Me ne ya samo mai saye, shi ya miƙa takardun da hannunsa, har da irin wannan a ciki.

"'Yata, in abu ya yi shekara goma sha ɗaya fa?"

Ta girgiza kai.

Hanyarsa ta komawa tasha ta ƙofar makarantar take bi. Dogo na zaune a benci, ya hango motar ya taso yana ɗaga hannu.

"Na ji labari. An sayar?"

"A'a, ba za a sayar ba."

"Kai, alhamdu lillahi! Ya aka yi?"

Murnar da ya gani a fuskar Dogo ta fi komai yi masa ciwo. Ya kashe mota ya fito, ya zauna kusa da shi a bencin, ya zaro takardar inshorar ya fara faɗa masa abin da ya sa su sayar da tasa motar a banza.