Dama da Tsamiya

Mutum kan manta da abubuwa da yawa ko bai so ba, amma ranar da wani manomi daga Faru ya tsaya a kaina cikin tsohuwar maƙabartar garinmu ya tambaye ni ko na san wanda nake yi wa kuka, wannan kam har in koma ga Allah ba za ta fita raina ba. Yau ina ba da labarin ina dariya. A ranar kuwa so na yi ƙasa ta tsage in shige, ga shi dama a wurin shiga ƙasar nake.

Gidanmu a Talata Mafara gidan fawa ne tun kaka da kakanni. Baba mahauci ne, ni kuma da na tasa sai na ga wuƙa da teburin nama sun yi mini kaɗan, na koma bin motar shanu zuwa Kudu. To ka san mai yawo, ya ga abu ɗaya ya dawo da labari goma. Duk majalisar da na zauna sai na faɗi yadda ake yi a Legas, har abokaina suka daina musu da ni. Ni a zatona ilimina ne ya rufe musu baki, ashe gajiya suka yi.

A wata tafiya motarmu ta lalace a Lakwaja. Muna jiran bakanike na shiga gari miƙe ƙafa, sai na ci karo da wata tsohuwar maƙabartar Turawa, ta waɗanda suka zo tun zamanin Sarauniyarsu ta da. Na leƙa ta saman katanga. Ciyawa ta cinye rabin wurin, ƙadangaru na shan rana a kan duwatsu, wasu duwatsun sun tsage, wasu sun karkace, shingen ƙarfe duk tsatsa. Amma kowane kabari da sunan mai shi a sassaƙe. Mutum ya mutu fiye da shekara ɗari, ba ɗa ba jika a ƙasar, ga ni baƙo ɗan fawa ina haɗa baƙin sunansa. Abin ya shige ni ƙwarai. Na ce a raina, kai, mu dai an bar mu a baya, har a mutuwa.

Ban san a wannan tafiyar mutuwa za ta zo gidanmu ba. Mun isa Legas ke nan, ba mu ko gama sauke shanu ba, yayana ya kira ni ya ce Baba ya cika da hantsi. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Shanun mutane ne a hannuna, ba halin in watsar in taho, sai da na yi makonni kafin na ga gida. Har yau in na tuna ban ɗauki gawar mahaifina ba, abin yakan yi mini ciwo.

Baba ya bar wasiyya a kai shi tsohuwar maƙabarta, kusa da iyayensa, ko da yake yanzu ba kasafai ake kai mutane can ba. Wurin ya girmi zuwan Turawa. Tsofaffi kan ce akwai waɗanda yaƙi ya ci a ciki, akwai na shekarun yunwa, akwai na sanƙarau, an binne wani a kan wani har ba a san iyaka ba. Da can bayan gari ce, yanzu gari ya zagaye ta: masu faci da masu cajin waya sun jingina rumfunansu da katangar. Amma kana shiga ciki sai hayaniya ta koma kamar daga wani gari take zuwa. Kukoki ne da tsamiyoyi, da suri, da sabara, da awakin da ke shigowa ta inda katanga ta zube. Ba suna ko ɗaya. Wani a sa masa guntun kasko, wani reshe, wani dutse, damina biyu ta shafe komai.

Da na dawo, yayana, wanda ke noman rani a Bakura, ya ce in tashi ya raka ni in ga kushewar Baba. Ni kuwa akwai abin da na ƙulla a raina wanda na san ba zai yarda da shi ba, sai na ce masa ya huta.

"Yaya, ni da aka haifa a garin nan? Faɗa mini wurin kawai."

Ya ce, "Ka san babbar tsamiyar nan ta tsakiya? To dama da ita, ba wani tsakaninsu."

Innarmu tana jin mu daga bakin ɗaki, tana cikin takaba. Da yaya ya fita ta kira ni ta ce, "Ka san mu mata ba mu zuwa kushewa. Kai ne idona. In ka tafi ka duba mini, kar ruwa ya rufta da shi." Wannan ita ce amanar da aka ba ni, kuma na karɓa da ƙirji a buɗe.

Washegari na tafi wurin mai walda ya yanko mini allon ƙarfe da ƙafafu biyu, mai fenti ya shafe shi kore ya rubuta sunan Baba da farin fenti, har da sarautarsa ta fawa. Na ɗaure shi a bayan babur cikin buhu kamar kayan sata. Maimakon in zagaya ta ƙofa, sai na shiga ta inda katanga ta zube a gefen gabas, don ya fi kusa kuma ba mai ganina. Ga tsamiya a gabana. Na duba hannun da nake cin tuwo da shi, ga sabon kabari, an kafa masa bakin tulu a wajen kai. Na ce Allah sarki yaya, iyakar abin da ya iya ke nan. Na durƙusa na sha kukana, sannan na kafa allo na danne da duwatsu, na ja da baya ina kallo. Wallahi a ranar ji na yi duk Zamfara ba ɗan da ya kai ni.

Daga nan ya zama mini al'ada. Duk dawowar da na yi daga Kudu, sai na ɗauki fartanya da tsintsiya na tafi. In nome ciyawa, in ƙara ƙasa inda ruwa ya ci, in share, in yi addu'a. Har hira nakan yi masa, in gaya masa yadda kasuwa ta kasance da wanda ya cuce ni. Ciyawar da na nome kuwa sai in kwashe in zagaya ɗaya gefen tsamiyar in zubar, inda wata sabara ta rufe wani ɗan kwari. A nan nake kafe babur, a nan nake zama in huta in gumi ya ishe ni. In na koma gida Inna ta tambaya, "Yaya ka baro shi? Bai rufta ba?" sai in ce, "Inna, ko ƙofar gidan hakimi ba ta kai shi shara ba." Ta yi ta sa mini albarka, ni kuwa ina karɓa hannu bibbiyu. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ina nan a kan haka.

Ranar da asirina ya tonu wata Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci. Kasuwa ta yi mini tsiya a wannan tafiyar, na zo ina kai ƙara wurin Baba, hawaye shaɓe-shaɓe. Sai na ji sallama a bayana. Wani dattijo ne siriri, da 'yar shara da ta sha wanki, takalmansa a hannu. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya da ruwa, ni duk na ƙosa ya wuce. Bai wuce ba. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce cikin ladabi,

"Malam, don Allah, wanga allo mi aka rubuta gare shi? Ni ban yi boko ba."

Na gyara murya na karanta masa sunan Baba da sarautarsa, har ina jan baƙaƙen. Ya jinjina kai.

"Allah shi gafarta mishi. Amma kuwa ka san wanda kake yi wa kuka?"

Raina ya ɓaci. Na ce mahaifina mana, ko akwai wata magana ne? Ya durƙusa ya shafa bakin tulun nan ya ce, "Wanga tulun uwata ne. Da shi take ɗebo ruwa, ga inda ya tsage na ɗaure da waya. Daga Faru muka kawo ta asibiti nan Mafara, rai ya yi halinsa, ba mu da abin mayar da ita gida, mutanen gari suka taimaka aka rufe ta nan. Ni na kafa shi da hannuna."

Ka san mai girman kai ba ya faɗuwa sau ɗaya. Na ce tulu ai tulu ne, kowace tsohuwa tana da shi. Na zaro waya na kira yayana, na ce ya zo yanzun nan ya raba ni da wani mutum. Dattijon ya samu gindin kuka ya zauna yana jan carbi har yaya ya iso daga Bakura.

Yaya ya shigo ta ƙofa, kamar yadda kowane mai hankali yake yi. Ya dubi allo, ya dube ni, ya sake duban allo. Na ga leɓensa na rawa, yana ta kokawa da dariya don wurin ba na dariya ba ne.

"Kai, wa ya aike ka?"

Na ce, "Ba kai ka ce dama da tsamiya ba?"

"Ta ina ka shigo?"

Na nuna masa inda katanga ta zube. Ya dafe kai ya ce, "Inna lillahi! Kai da aka haifa a garin nan? In an ce dama a kushewa ai alƙibla ake fuskanta. Kai ka shigo ka ba gabas baya, damarka ta koma hagu."

Ya kama hannuna ya zagaya da ni ɗaya gefen. Ya tsaya daidai kan tulin busasshiyar ciyawar da na daɗe ina tarawa, ga ramin da ƙafar babur ɗina ta haƙa, ga inda mazaunaina suka daddaɓe ƙasa ta yi sumul. Ya ce, "Ga Baba nan."

Jama'a, dariyar ta tsaya a nan. Ɗan kwarin da nake gani ashe ruftawa ce, abin da Inna ta roƙe ni kar ya faru shi ne ya faru, kuma ni ne na yi ta zuba masa shara a kai. Kukan da na yi a lokacin ya bambanta da na baya, don wannan ba wanda nake so ya gani. Dattijon nan ne ya fara tattare rigarsa ya ɗauki fartanyata. Mu uku muka kwashe ciyawar, muka sare sabarar, muka ciko ƙasa muka tayar da kabarin. Muna cikin aiki ya ce mini duk shekarun nan bai samu zuwa ba, kullum yana kwana da tunanin ruwa ya shafe uwarsa. "Na zo ina tsoron ba ni gane wurin, sai na tarar da ita kamar amarya. Sai dai an mayar mini da ita namiji, har da sarauta." A nan yaya ya kasa riƙewa, ya juya baya kafaɗunsa na girgiza.

Allon dai da hannuna na tumɓuke shi. Yana nan bayan ɗakina har yau, fuskarsa na kallon bango.

Abin da ya rage shi ne Inna, kuma shi ne ya fi nauyi. Na so in yi shiru, yaya ya ce in ban faɗa ba shi zai faɗa, kuma na san zai ƙara gishiri. Na same ta tana tsince wake, na durƙusa na zayyana mata komai, kaina a ƙasa. Na ce duk albarkar da ta sa mini ta banza ce, na ci amanarta ban sani ba. Da na ɗago sai na ga tana share ido da gefen mayafi.

Ta ce, "Yanzu an gyara shi?"

Na ce an gyara.

"Da kake addu'ar, sunan wa kake kira?"

Na ce na Baba.

"To Wanda kake roƙo ai ba allo yake karantawa ba." Ta ci gaba da tsintar wakenta, can sai ta yi ɗan murmushi ta ce, "Ubanka tun da na san shi bai taɓa tashi daga kasuwa bai yanka wa baƙo tsoka ba. Ka ga ko a can bai daina ba, har ɗansa ya ba baƙuwa aro."

Tun daga ranar, in na shiga maƙabartar ta ƙofa nake shiga, kuma kaburbura biyu nake sharewa. Abin da na koya shi ne, in wanda ya sani ya ce zo in raka ka, ka tashi ka bi shi, ko da a tsakar gidanku ne. Na ga Lakwaja, na ga Legas, amma damata da haguna sai da manomi daga Faru ya zo ya sa aka nuna mini su.