Zaren Okoho a Gwangwanin Madara

Ranar Juma'ar da ta wuce na shiga kicin na tarar da autata tana goge tukunya da wani dunƙulen zare mai ruwan ƙasa. Da na ga tsohon gwangwanin madara a buɗe kusa da ita, sai na gane zaren. Ta ɗauka soso ne. Ban yi mata faɗa ba, don ban taɓa gaya mata ko mene ne ba.

Kakata ce ta bar shi. 'Yar Idoma ce daga Otukpo. Kakanmu ya je sarin doya ya dawo da mata, suka zo aikin Hajji tare, ya rasu a Mina, ita kuma ta yi zamanta a unguwar Zahir, nan ƙasa mai tsarki, ba takarda, tana sayar da gyaɗa. Hausarta a karkace take, Larabcinta ya fi karkacewa, amma in ta tashi faɗa kowa a unguwar yana ganewa sarai.

A gidanmu da zuwan alhazai ake lissafin shekara. Akwai wani tsoho mai rako alhazan Binuwai, shi ke kawo mata sanda ɗaya ta itacen da Hausawa ke kira dafara, Idoma kuma okoho. Ranar da sandar ta iso, ba mai hutawa. Za ta kankare ɓawon, ta tsattsage cikin, ta dunƙule, ta jiƙa a ruwan zafi, ta yi ta matsa har yauƙin ya kai ka ɗaga shi kamu guda bai tsinke ba. Ba ta sa mai, daga busasshen kifi sai barkono da daddawa. Sakwara kuwa babu, da tuwon alkama take ci tana tsaki. Takan ce a garinsu wannan miyar ake ba mai ciwon ciki. Mu yara dariya kawai muke yi, miyar tana zille mana daga hannu.

Wata shekara tsohon bai zo ba. Ta bi tantunan Mina tana cigiya, ba labari, kuma bai sake zuwa ba. Sai ta shanya tsohon zaren ta adana a gwangwanin madara. Duk shekara ta jiƙa shi, yauƙin yana raguwa, har ya koma ruwa zalla.

Daga baya ciwon ciki ya kwantar da ita. Asibiti tsoronsa take, saboda ba ta da iƙama, takardar izinin zama. Ba abin da take nema sai okoho. Ummata ta kaɗa miyar lalo, ta zuba ruwan zaren a ciki, ta kai mata.

"Inna, ga okohon an samu."

Kaka ta sa yatsu ta ɗaga, yauƙin ya tsinke nan take. Ta daɗe tana kallon hannunta.

"Allah ya yi muku albarka. Halas, shi ke nan, ku ɗauke, na ƙoshi."

Ba ta ƙara ambatar miyar ba har ta rasu. Wannan shirun nata har yau yana ci mini rai.

Yanzu an ce har garin okohon ake sayarwa a leda. To ko an kawo mini, wa zai ɗanɗana ya ce miyar ta yi? Ban taɓa ganin Otukpo ba, ba ni da takardar zuwa, 'ya'yana kuma in na yi musu Hausa da Larabci suke amsawa.

Na karɓi zaren daga hannun yarinyar, na ɗauraye, na jiƙa a ruwan zafi, na matsa yadda Kaka ke yi. Kumfar sabulu ce kawai ta fito.

"Ummi, esh hada?" in ji ta, tana tambayar mene ne wannan.

Na miƙa mata zaren, na ce ta ƙarasa wanke tukunyar.