Keken Yaya da Kunnen Kafinta

A layin masu katako kowa Mai Kunne yake ce masa, har matarsa idan tana neman tsokana. Kafinta ne, ya fara da kujeru da gadaje, sai wata rana wani baƙo ya bar masa fasasshiyar mandolin bai dawo ba. Ɗan abin kiɗa ne mai ciki kamar rabin ƙwarya, da gajeren wuya, da tsirkiya takwas, bibbiyu. Ya farke ta ya ga yadda aka yi ta, ya zauna ya ƙera wata. Daga nan bai sake yin gado ba.

Hannunsa ba a magana. Yakan kankare fuskar mandolin har sai katakon ya yi sirantar da idan ya ɗaga shi hasken taga zai ratsa. Ƙananan ƙarafan da ke jere a wuya kuwa, da magagari yake bin su ɗaya bayan ɗaya. Amma abin da ya ba shi suna shi ne zaunar da jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa. Ba a manne shi da gam, tsirkiya ce ke danne shi. Ya goce da kaurin farce, kiɗa ya lalace. Mai Kunne yakan taɓa tsirkiya a sake, ya danne ta a kan ƙaramin ƙarfe na goma sha biyu a wuyan ya sake taɓawa, ya ɗan tura jakin, ya lumshe ido, can ya ce, "Ta zauna." Idan wani ya fito da 'yar na'urar auna sauti, sai ya yi tsaki. "Mayar da ita aljihu. Mai ido ba ya tambayar makaho hanya."

Abin da ba a sani ba, shekarun zarton lantarki sun cinye masa kunne. Magana yana ji idan an ɗaga murya, siraran sautuka kuwa duk ɗaya suke a wurinsa. Yayarsa ce ke ji masa. Tela ce, shagonta na manne da nasa, bangon katako ne a tsakani, daɓen ma na katako. Muddin sauti bai daidaita ba tana taka kekenta. Da ya daidaita sai ta ɗauke ƙafa. Shi kuma a tafin ƙafarsa yake jin girgizar ta tsaya. Ba su taɓa zama sun shirya haka ba, ba su kuma taɓa zancen ba. Abin da ya fi muni, don ya rufe sawu, yakan buga bangon a gaban mutane ya ce, "Haba Yaya! Wannan keke naki ba zai bar mutum ya ji aikinsa ba?" Sai a yi dariya. Ita kuwa sai ta ci gaba da ɗinkinta.

A shekara ta goma sha ɗaya suna haka aka yi wa Yaya aikin ido, ta koma gidan 'yarta jinya. Kwana uku da tafiyarta wata malamar makaranta mai koyar da kiɗa ta shigo da mandolin a jaka. Ta cire tsofaffin tsirkiyoyi gaba ɗaya don ta sa sababbi, jaki ya faɗo, ba ta san gurbinsa ba.

"Baba, aikin minti biyar ne a wurinka. Zan jira."

Da ya ce mata ta dawo jibi, da shi ke nan. Amma akwai maƙwabta biyu a kan benci suna kallo. Ya auna da tef, ya kafa jaki, ya ja tsirkiyoyi, ya taɓa. Daɓen shiru. Ya lumshe ido, gumi na bin bayansa, ya ƙirga goma a zuci.

"Ta zauna."

Malama ta karɓa ta kaɗa. Fuskarta ta canza. Ta sake kaɗawa a hankali, ta dube shi, ta sunkuyar da kai.

"Baba, ko dai tsirkiyar da na sayo ce ba ta da kyau?"

Ƙofar tsira ta buɗe masa, ya kuwa bi da gudu. "Ita ce! Jabu ce. Tun ɗazu nake jin ta, ban so in kunyata ki ba ne." Ya ce ta bar mandolin ɗin.

Washegari labari ya iso masa cewa Malama ta je shagon mai sayar da tsirkiya, ta zube masa kwalayen a teburi, ta ce Mai Kunne da bakinsa ya ce jabu ne. Mutumin har rantsuwa ya yi a gaban masu saye, ba wanda ya yarda. Ranar Mai Kunne bai iya cin abincin rana ba. Matarsa ta tambaye shi lafiya, ya ce haƙori ne.

Da safe ya kira Malama a waya ya kwatanta mata gidan 'yar Yaya. Suka tarar da tsohuwar a kishingiɗe, ido ɗaya a rufe da auduga. Ya zauna a ƙasa da mandolin a cinya, bai dubi kowa ba.

"Malama, tsirkiyarki lafiya lau take. Ni ne ba na ji. Na daɗe ba na ji. Ga mai kunnen nan."

Yaya ta juyo da lafiyayyen idonta wajensa.

"Auta, ka san rigunan mutane nawa na farke saboda tsayawa a tsakiyar ɗinki? Taɓa in ji."

Ya taɓa.

"Ta sama ta yi tsini. Ja jakin baya. Kaɗan na ce, kai da hannu kamar mai faskare. Ƙara. Tsaya nan."

Malama ta kaɗa, sautin ya fito tas. Ta ce ita yanzu da wane ido za ta kalli mai tsirkiya? Mai Kunne ya ce laifin ba nata ba ne, su tafi tare. Da suka je ya faɗi gaskiya ya nemi gafara, mai tsirkiya bai raga masa ba. Ya sa hannu a bayan kunne ya ce, "Me ka ce, Baba? Ƙara ɗaga murya, ni ma ba na ji sosai." Sau uku ya sa shi ya maimaita, shago cike da mutane.

Yaya ba ta koma ɗinki ba, idon bai yarda ba. Shi yana nan yana ƙira. Duk wadda ya gama sai ya naɗe ta a tawul ya hau bas ya kai mata. Wani lokaci fasinja ya hango wuyan abin ya leƙo, ya ce, "Baba makaɗi, ɗan taɓa mana mana." Sai ya gyara tawul ɗin ya ce, "Kafinta ne ni."