Golan da Ya Yi Gasa da Tsohuwa

Shekara goma sha bakwai yana tsare ragar ƙungiyar ma'aikatan kamfanin sabulu, har aka manta sunansa na yanka, sai dai Gola. Da rana ya jera kwalaye a sito, da yamma ya sa jesi mai lamba ɗaya ya tsaya yana balbale 'yan bayansa da faɗa. Matarsa ta san matsayinta a zuciyarsa: tana bayan raga, amma dai ta fi keke.

Wata Asabar ya yi tsalle zai ture ƙwallo, ya sauko a kan kafaɗar dama, ƙashi ya goce. Aka mayar, aka rataye hannun. Koci ya yi alkawarin riƙe masa gurbinsa har ranar rufe rajistar 'yan wasa, wata uku ke nan.

Likitar gashin ƙashi ta ce ya riƙa tsayawa gaban bango yana hawa da yatsu a hankali, sau goma safe da yamma. Ta kuma tura shi ajin yoga, inda ake koyar da miƙe jiki da numfashi.

"Da ka ji zafi, ka tsaya," in ji ta.

Nan aka samu matsala. Tun yana yaro abin da aka koya masa shi ne, in ka ji zafi, yanzu aiki ya fara. Goman nan ya ɗauka ta ragwaye ce, ya riƙa yin ɗari.

A ajin kuwa, tabarmarsa ta roba na kusa da ta wata tsohuwa mai fama da ciwon baya. Malamar ta ce kowa ya ja numfashi, ya ɗaga hannu iya inda jikinsa ya yarda. Tsohuwa ta miƙe nata har sama, ido a rufe. Na Gola ya tsaya daidai kunne.

"Mama, shekarunki nawa?"

"Saba'in da biyu. Ɗan nan, numfashi aka ce, ba gurnani ba."

Ya kwana uku abin na cinsa. A zama na gaba, da malamar ta juya baya, ya kama wuyan hannunsa da hagu ya fizge shi sama. Ya wuce tsohuwa da kusan taƙi guda. Kowa a ɗakin ya ji ƙarar.

Likitar ta daɗe tana kallon hoton kafaɗar. Wannan karon jijiya ce ta yage, ta ce, kuma a shekarunsa ba ta ɗaukar alkawari. Ya tambaye ta ko sau ɗari biyu zai taimaka. Ta cire tabarau ta murza ido.

Ranar rufe rajista koci ya zo gida da kansa. Ya tambayi yara, ya tambayi aiki, ya yabi fentin ɗaki, sannan ya dubi ƙasa.

"Gola, jesin nan... sabon golan ba shi da wadda zai sa."

"Ai tana nan, a wanke."

Tana saman sif ɗin kaya, a ninke. Ya miƙa hannun dama, don ba a ba babba abu da hagu. Yatsun suka hau jikin katako, suka hau, suka tsaya.

"Bari, Baban yara," in ji matarsa. Ta yi ɗage ta ɗauko.

"A gaya masa ba a wanke ta da ruwan zafi," Gola ya ce wa koci. "Lambar ɓarewa take yi."