Hoton da ya riga ni zuwa Malumfashi

Tun watan Sha'aban na bara ban ce uffan a nan ba. Akwai maganar da take cin raina tun lokacin, yau zan faɗe ta.

Da safe ne, a gidana na Lugbe, ina alwala buta ta suɓuce daga hannuna na dama. Na buɗe baki in kira matata Rabi, harshe ya ƙi.

A asibiti aka yi hoton ƙwaƙwalwa, aka ɗebi jini. Likita ya ce da Rabi, "Hajiya, shanyewar ɓarin jiki ce. Hawan jininsa ya daɗe yana ƙwanƙwasa ƙofa." Aka sa min roba a hanci, wata ta fitsari. Filina na Orozo a nan ya tafi, kuɗin magani suka cinye shi.

Ina kwance ban san inda kaina yake ba, Alhaji Sabo ya zo dubiya. Tare muka yi aiki a ma'aikata har muka yi ritaya. Ya ɗaga waya ya ɗauke ni hoto, ba hula, baki a karkace, zanen gado ya zame. Ya sa a zauren tsofaffin ma'aikata, wai a taya da addu'a.

Wani ya tura wa wani. Kafin la'asar an liƙa wa hoton "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un". Masu digiri fa, waɗanda a ofis ba sa sa hannu sai sun karanta sau biyu.

Hoton ya isa Malumfashi, garinmu. Maƙwabta suka shiga yi wa Yaya Hajara ta'aziyya. Ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ta tsufa, idonta ya tafi.

Rabi ta kira ta tana rantsuwa ina raye.

Yaya ta ce, "To ba ni shi. Ni murya na sani."

Aka kara min waya a kunne. Ina jin ta tana cewa, "Auta? Auta, yi magana mana." Ban da gurnani ba abin da ya fito.

Ta ce, "Rabi, haka muka yi wa kakarmu Inna da Baba ya rasu. Ni ma na iya ɓoye wa tsoho mutuwa. Allah ya ba ki haƙuri." Ta ajiye.

Watanni na yi ana gasa min hannu da ƙafa, ana koya min "ba, ba, ma, ma" kamar ɗan yaye. Yanzu ina takawa da sanda, ina magana a hankali.

Sabo ya zo gida. "Haba mutumina, ai niyyata alheri ce."

Na ce, "Ka tambayi Rabi kafin ka ɗauka?" Ya sunkuyar da kai.

Alhamdu lillahi da Allah ya tashe ni. Na gode wa Rabi, da ma'aikatan jinya da suke ja min labule kafin su juya ni.

Ku riƙa auna jini ko kuna jin garau. In kun je dubiya, waya ta zauna a aljihu. Mara lafiya ba ya iya cewa a'a, gawa ma haka. In sanarwar rasuwa ta zo muku, ku kira gidan kafin ku tura.

Yaya Hajara ta rasu kafin bakina ya buɗe. Ta tafi tana yi min addu'ar mamaci.