Matar da Ta Nemo wa Esperansa Dangi

Shagona na ɗinki yana kallon ƙofar ofishin cocinmu na Orsolim, don haka ba wanda zai ba ni labarin Tiya Perpetua Barreto, mai kula da littattafan cocin. Tiya muke kiranta, wato inna. Shekara arba'in da wani abu ina kallonta ta saman keken ɗinkina. Da mai burodi ya busa ƙahonsa a kwanar 'yan kifi, sai ga ta ta ɓullo daga lungunsu da baƙar lemarta, ko ana ruwa ko ba a yi. Ta sayi burodi biyu, ta yi masa tsiya cewa kullum ƙara ƙanƙancewa suke, sannan ta hau matakala tana dafa gwiwa. Kafin ta zauna sai ta buɗe tagogi, ta fito da tsofaffin littattafan coci su sha iska: na baftisma, na ɗaurin aure, na mutuwa, da na ƙidayar gidaje da limaman coci na da suke yi duk shekara. Ta sauya ganyen dogonyaron da take sawa tsakanin shafuka saboda gara. Da damina, lokacin da har takalmi yake funfuna a ƙarƙashin gado, na sha ganinta tana busar da takarda da dutsen guga mai ɗumi. Dutsen gugar nawa ne. Ta ara tun ina da baƙin gashi, kuma na daɗe da cire rai.

Ƙarshen watan nan za ta miƙa makulli. Ido ya yi rauni, gwiwa ta ƙi. Fada Hilario, limamin cocinmu, ya ce za a yi mata shayi da biskit bayan sujadar Lahadi. Na ce masa shayi da biskit ko ni da na ɗinke masa labule an yi mini. Shi ya sa na ajiye almakashi na ɗauki alƙalami.

A duk garin nan ita kaɗai ta rage mai iya karanta rubutun Fotugis na limaman da, wanda yake kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda. Masu neman fasfon Turai suna zuwa wurinta neman takardar baftismar kakanninsu. Masu shirin aure suna zuwa a duba ko akwai dangantaka ta kusa. Wasu kuma son girma ne kawai yake kawo su. Ba na manta wani mai tumbi da ya zo daga Bombay, ya rantse kakan kakansa Bature ne, hafsan soja. Tiya Perpet ta bi masa asalinsa baya har hawa biyar, ta cire tabarau ta ce, "Ɗana, Bature kam babu. Amma ga mai ɗiban bammi, ga ubansa mai ɗiban bammi, ga kakansa shi ma haka. Mutum uku sun hau bishiyar kwakwa tsawon rayuwarsu ba wanda ya faɗo. Ni da nawa ne da na yi alfahari." Ya fita yana huci. Bayan shekara ya aiko mata da katin Kirsimeti.

Amma abin da ya sa na ce sai na rubuta wannan shi ne maganar Esperansa.

Duk wanda ya girma a Orsolim ya san Esperansa. Poskem ce, wato jaririyar da aka tsinta a ƙofar babban gida, masu gidan suka riƙe ta, ba 'ya ba, ba kuma 'yar aiki mai albashi ba. A gidan Menezes ta tashi, a ɗan ɗakin da ke jikin madafi. Ta auri wani masunci baƙo, teku ta cinye shi ba a ga gawa ba, ta koma gidan Menezes da ɗanta ɗaya, Liberato, wanda muke kira Libru. Ta tsufa tana gadin gidan bayan masu shi sun kwashe sun tafi Lisbon. A nan ta rasu.

Makabartarmu ƙarama ce, kowa ya sani. Bayan shekara uku ake tone kabari a ba wani. Mai dangi a gari, a wanke ƙasusuwansa a sa a alkukin gidansu da ke jikin bango, a rufe da dutse mai suna. Wanda ba shi da kowa, a zuba nasa a rijiyar ƙasusuwa da ke kusurwa, a mayar da murfi. Shekarun Esperansa uku sun cika bara, bayan damina.

Libru kuku ne a jirgin ruwa. Ya ɗauki hutu ya zo musamman. Ya fara buga wa jikan Menezes waya a Lisbon, aka ce masa, cikin ladabi, ai ba jininsu ba ce. Ya je wurin Damasiano Pinto, shugaban kwamitin makabarta, ya nemi a ba shi sabon alkuki. Damasiano ba mugu ba ne, mutum ne dai da ya haɗiye doka ta tsaya masa a wuya. Ya ce, "Libru, bango ya cika. Ba a buɗe sabo sai ga mai tushe a garin nan. Kawo mini sunan uwarta ko na ubanta a rubuce, ni da hannuna zan sa ta."

Daga can ya shigo shagona, ya zauna a kan bencin masu jira, ƙaton mutum, ya rufe fuska da hula. Ya kira ni kawu da harshenmu, ya ce, "Tiyu Tibursio, duk rayuwarta a bayan gidan mutane ta yi ta. Ta ci abinci a tsaye a bakin murhu. Yanzu kuma a zuba ta a rijiya kamar shara? Wallahi in aka yi haka ba zan ƙara taka garin nan ba." Tausayinsa ya kama ni har na kasa zura zare a allura. Na ce, "Tashi mu tsallaka titi."

Tiya Perpet ta saurare shi har ya gama. Ta ce, "Ka ci abinci?" Ya ce a'a. Ta tura masa burodinta na biyu, ta jawo littafi. Ta sami baftismar Esperansa: an tsince ta, iyaye ba a sani ba. Ta duba ƙidayar gidaje, shekara bayan shekara: can ƙasan sunayen gidan Menezes, bayan na mai dafa abinci, Esperansa, 'yar riƙo. Ta duba ɗaurin aurenta: wurin sunan iyayen amarya an ja layi.

Libru ya sunkuyar da kai, ya yi ƙasa da murya. "Tiya, ke kaɗai kike karanta rubutun nan. Ki ce kin ga wani suna mana. Wa zai gane?"

Ta dube shi ta saman tabarau. "Ni zan gane. Kuma uwarka ba ta taɓa ɗaukar ko cokalin wani ba, ba ni zan sato mata uwa bayan ta mutu ba. Tafi ka yi wanka, kana warin jirgi. Ka bar ni da aikina."

Na ji haushinta ranar, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina tsohuwar nan ita da Damasiano duk kanwar ja ce.

Ashe wani abu ne yake mata yawo a kai. Tiya Perpet ba ta karanta rabin shafi. In ta buɗe baftismar mutum, sai ta bi har ƙasa, har sunan wanda ya riƙe jaririn a gaban Fada. Shekara da shekaru tana yi wa mutane bincike, kuma akwai sunan da idonta ya saba gani a wannan wurin, ba a shafukan manyan gidaje ba, a na masunta da masu aikin gonar shinkafa da masu ɗiban bammi. A zamanin da, talaka in ya haihu yana shan wahalar samun wadda za ta tsaya wa ɗansa uwar baftisma, don matan manyan gidaje ba sa sauko wa irinmu. Esperansa kuwa tana da riga ɗaya ta fita kunya, kuma ba ta iya cewa a'a. Sai ta ajiye tukunya, ta wanke hannu, ta zo ta riƙe jariri, ta koma kafin miya ta ƙone.

Tiya Perpet ta bi littattafan baftisma na shekaru wajen hamsin, shafi shafi. Sannan ta ɗauki lemarta ta shiga gari da wannan gwiwar tata. Na gan ta ta nufi unguwar masunta da rana tsaka. An gan ta a kan kunyar gona tana ɗaga riga saboda taɓo. An gan ta a motar Margao, ta bi waɗanda suka yi ƙaura. Ba ta roƙi kowa komai ba. A kowane gida sai ta sha ruwa, ta tambayi lafiyar yara, ta ce, "Wai wa ya riƙe ka ranar baftisma?" In an ce Esperansa, ta ce, "To, ranar Asabar za a tone ta." Shi ke nan, ta tashi.

Shagona ne na ƙarshe. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kai tela, wa ya riƙe ka?"

Na ce, "Kin sani ai. Modon Esperansa." Modon muke kiran uwar baftisma. Na san ita ta riƙe ni, tun ina yaro take ɓoyo mini mangwaro a ƙugunta. Amma ni a zatona ba mu fi mu uku ko huɗu ba.

Ranar Asabar da safe Libru ya zo makabarta da farin ƙyalle a hannu, yana tsammanin shi da ni da mai tonon kabari ne kawai. Muka tarar da hanya a cike. Masunta da ba su fita teku ba ranar, direban babur, malamar asibiti da kayan aikinta, wani tsoho da aka turo a keke, mata da jikoki a kafaɗa. Mun haura sittin, ban da waɗanda suka mutu 'ya'yansu suka zo a madadinsu. Kowa yana kallon kowa yana cewa, "Kai ma? Ke ma?" Libru ya tsaya kamar an dasa shi.

Damasiano ya iso da makullansa, ya ga taro, ya gyara murya. "Jama'a, na ji. Amma riƙon baftisma ba jini ba ne. Doka ta ce dangi."

Piedade mai kifi, wadda ake jin muryarta daga bakin rafi har coci, ta dafa ƙugu. "Damas, tsaya in tambaye ka. A dokar iyayenmu, namiji yana auren modon ɗinsa?"

Ya ce, "Haba, ina! Ai uwarsa ce."

"To, ka faɗa da bakinka. Uwata ce. Alkukin gidanmu da wuri, buɗe."

Nan fa rigima ta koma wani wajen. Direban babur ya ce ai shi aka fara riƙewa kafin Piedade. Wani ya ce alkukinsu ya fi tsawo, ruwa ba ya taɓa shi. Ni ma na sa baki, na ce namu yana inuwa. Piedade ta ce, "Tela, kai da ko aljihu ba ka iya sawa daidai, kai za ka ajiye mana uwa?" Aka kwashe da dariya a tsakiyar makabarta, har Fada Hilario ya juya baya yana tari. Matar da aka ce ba ta da kowa, ga gari yana faɗa a kan wanda zai ɗauke ta. Libru ya durƙusa a bakin kabarin yana kuka kamar yaro, ba wanda ya hana shi. Piedade ce ta ci, kamar kullum. Damasiano da hannunsa ya buɗe alkukin, ya cire hula, ya riƙe gefe ɗaya na farin ƙyallen.

Na waiwaya neman Tiya Perpet. Tana can baya, zaune a kan dakali ƙarƙashin lemarta tana matsa gwiwa. Da aka gama Libru ya je ya tsuguna a gabanta ya ce, "Tiya, mai sassaƙa dutse yana tambaya. Wane sunan gida za a rubuta mata?"

Ta ce, "Rubuta wanda aka kira ta da shi."

Tiya Perpet, ke ce kika ƙi yin ƙarya ranar da ƙarya ta fi sauƙi, ranar da har ni na so ki yi ta. Ke ce kika duba sama ba ki ga iyayen Esperansa ba, sai kika duba ƙasa kika gan mu. Uwar littattafai, mai baƙar lema. Kin karanta sunayen talakawa da irin kulawar da kike karanta na masu benaye, kuma ba ki taɓa tsallake ƙasan shafi ba. Ina alfahari da cewa garina ne ya haife ki, ina alfahari da cewa tagata ce take kallon taki. Mun gode, Allah ya saka miki, ya sassauta wa gwiwar nan. Dutsen guga kuma na bar miki.

Ku matasan Orsolim, makulli zai koma hannun Fada ƙarshen wata, kuma gara ba ta san ritaya ba. Tiya ta ce duk mai son koyon rubutun nan ya same ta a barandarta da yamma, ya zo da haƙuri da burodi. Ku je tun idonta yana gani. Wanda yake shakkar ko aikin ya kai a ɓata masa lokaci, ya shiga makabarta, ya bi bangon gabas, layi na uku. Zai ga dutsen da ya fi kowane yawan kyandir a gabansa. Ba sunan uba a jiki, ba sunan gida. Kalma biyu ce kawai: Esperansa, Modon.