Injin Sabo, Daga Azahar Zuwa La'asar

Duk wanda fankarsa ta ƙone a Jakara ya san inda zai kai ta: wurin Sabo mai naɗi, a soron gidan mahaifinsa, marigayi Alhaji Maharazu, can ƙarshen lungu. Shekara ashirin da shida yana naɗa koyil ɗin fanka da na injin markaɗe, ba a taɓa dawo masa da aiki an ce ya rage waya ba. Siriri ne, magana ba ta dame shi ba. Da a nan ya tsaya, da babu abin ba da labari. Amma Sabo yana da wata lalura da ba ta asibiti ba. Tun yana saurayi ya sa wa ransa sai ya haɗa injin da zai juya da kansa, ba wutar layi, ba batir, ba fetur.

Su huɗu suka fara wannan hauka. Ɗaya ya koma kiwon kifi, ɗaya matarsa ta raba shi da ita, aka bar Sabo da Bukar mai gyaran agogo a Ƙofar Wambai, wanda kakanninsa suka zo daga Borno tun ba a san ranar ba. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci suke haɗuwa a soron. Dokarsu ɗaya ce: wanda ya haɗa inji ba ya gwada nasa. Abokinsa ne zai ɗauki mitar gwada wuta ya bi waya ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda matsalar take. Haka suka shekara goma sha tara, Bukar yana kashe wa Sabo inji, Sabo yana kashe wa Bukar, su sha shayi su rabu. Gawarwakin injinan duk suna nan jere a kan katako har kusa da rufi, kowanne Sabo ya san laifinsa kamar yadda uwa ta san halin 'ya'yanta.

Matsalar ita ce soron na gado ne, kuma ba a raba gidan ba. Yaya Hashim, babban wansu mai sayar da yadi a Kurmi, yana so a fasa wa soron ƙofa ta titi a mai da shi shago, saboda ɗansa Nazeer da ya gama digiri shekara uku ke nan yana zaune. A faɗi gaskiya, Hashim ba mugu ba ne. Har teburi ya samar wa Sabo a rumfar masu gyaran lantarki. Sai dai teburi ba ya ɗaukar aikin shekara goma sha tara, kuma Sabo ya san ranar da ya bar soron nan, ranar aka binne maganar inji.

Ana cikin wannan ja-in-ja, wata Talata ta farkon damina, injin ya juya.

Ƙaramin abu ne, faifai mai maganaɗisu takwas a kan boris, da wani ƙaton koyil da Sabo ya naɗa da siririyar waya. Ya tura shi da yatsa kamar kullum, ya juya baya ya ci gaba da aikin wata fanka. Da ya waiwayo bayan rabin awa, faifan yana nan yana gudu. Sai da ya zauna a ƙasa. Bukar ya rufe shago ya zo da mitarsa, ya kwance abin nan kaf ya mayar, bai sami batir ba, bai sami ɓoyayyiyar waya ba. Gaskiya ne injin yakan mutu da yamma, wani lokaci ma da rana ya yi ɗan hutu. Sabo ya ce maganaɗisu ne yake son zafi. Mutum idan ya daɗe yana jiran abu, ba ya rasa uzurin da zai yi masa.

Magana ta kai gaban Gwaggo 'Yardada, ƙanwar mahaifinsu, wadda ita kaɗai ta rage a manya, kuma ita ta goyi Sabo bayan rasuwar uwarsu. Idonta ya yi rauni, amma babu mai tsallake maganarta a gidan. Ta yanke hukunci a taƙaice. Ranar Asabar a tayar da injin bayan sallar Azahar. Idan ya kai kiran La'asar bai tsaya ba, soro na Sabo ne, kada a sake tayar da zancen. Idan ya tsaya, ya ba da mukulli.

Ranar Asabar aka shimfiɗa mata tabarma a soron. Hashim ya zauna a kan benci da carbinsa, Bukar ya tsaya a bakin ƙofa da agogo a hannu. Teburin da injin yake kai yana inda yake kullum, jingine da bangon gabas. Saboda Gwaggo ba ta gani sosai, Sabo ya liƙa wani guntun kwali yadda faifan zai riƙa taɓa shi yana ƙas-ƙas-ƙas, ta ji da kunnenta. Ya yi bisimilla, ya tura.

Awa ɗaya ta wuce. Hashim ya tashi ya leƙa ƙarƙashin teburi, ya shafa bango, ya koma ya zauna fuska a murtuke. Gumi ya jiƙa wa Sabo riga, amma zuciyarsa fari ƙal. A bayan bangon, Muttaka mai walda yana ta aikinsa, janaretansa yana ruri, ƙarfe yana tartsatsi. Sun saba da wannan ƙara har ba sa jin ta.

Gwaggo ce ta ji. Ta karkata kai, ta yi murmushi ta ce, "Ikon Allah. Sabo, abin naka har amshi yake yi wa na Muttaka. In wancan ya yi ƙara shi ma ya ƙara sauri, in ya sassauta shi ma ya sassauta."

Hashim ya yi tsaki, bai ɗauki maganar a bakin komai ba. Sabo kuwa ji ya yi kamar an watsa masa ruwan randa a baya.

Ya kasa kunne. Muttaka ya ɗora wuta a ƙarfe, ƙas-ƙas ɗin ya haɗe ya zama ɗaya. Ya ɗaga hannu, ya warware. Ya sake ɗorawa, ya sake haɗewa. Sabo ya san injin waldar nan ciki da waje, domin shi ya naɗa masa koyil da hannunsa bara, har ya gaya wa Muttaka ƙarfen cikinsa bai isa ba, ƙarfinsa zai riƙa zuba waje. Ya kuma tuna ranar da ruwan farko ya sauka, Muttaka ya jawo injin daga fili ya manna shi da bangon nan don kada ya jiƙe. Litinin ce. Washegari injin Sabo ya juya. Ashe ƙaton koyil ɗinsa tsotsa yake ta cikin bangon ƙasa. Ashe injin da ba ya shan fetur, fetur ɗin Muttaka yake sha.

Ya ɗaga ido ya dubi Bukar. Bukar ya riga shi ganewa, ga shi nan fuska ta yi toka. Ya duba agogo, ya ɗaga wa Sabo yatsu a ɓoye: saura minti ashirin. Sannan ya girgiza kai kaɗan, irin na a yi shiru.

Sabo ya gane lissafin abokinsa. Muttaka ba ya kashe janareta sai ya ji kiran salla. Ladan zai ce Allahu Akbar, Muttaka ya kashe, faifan ya ɗan ƙara gudu da saurinsa ya tsaya, alhali an riga an cika sharaɗi. Babu wanda zai yi ƙarya. Ba a ce ya rantse ba. Zama kawai zai yi minti ashirin bakinsa a rufe, soro ya zama nasa har ya mutu.

Tsoro ya kama shi, don ya ji a ransa zai iya. Ya dubi katakon da injinansa suke jere. Ya dubi Hashim, wanda ya daina jan carbi, kafaɗunsa sun sauka, yana kallon ƙasa, da alama yana neman abin da zai je ya gaya wa Nazeer.

"Saura goma," in ji Bukar.

Gwaggo ta gyara zama ta ce, "Hashimu, sai haƙuri. Yaron nan tun yana goye bai iya cuta ba. In ya ce abu na juyawa da kansa, to yana juyawa."

Sabo ya miƙe.

"Malam Sabo," Bukar ya ce, "zauna mana. Ba a taɓa inji ana gwaji."

"Ba a gama gwaji ba, Malam Bukar. Akwai wanda muka manta."

Ya sa hannu biyu ya ɗauki katakon da injin yake kai, a hankali kamar mai ɗauke da kwanon miya, ya yi taku huɗu zuwa tsakiyar soron, ya ajiye a gaban Gwaggo. Ƙas-ƙas ɗin ya fara rarrabewa. Kowa yana jin kowane bugu daban. Ƙas. Ƙas. Faifan ya yi kamar zai ƙara zagaye ɗaya, ya dawo baya kaɗan, ya tsaya. A bayan bango janaretan Muttaka yana ta rurinsa.

"Me ya faru?" Gwaggo ta tambaya. "Na daina ji."

"Ya tsaya, Gwaggo. Dama ba shi yake juya kansa ba. Injin Muttaka ne yake ba shi ta bango. Yanzu na gane."

Hashim ya dube shi. "Da ka bar shi a can, zai kai?"

"Zai kai, Yaya."

"Kuma da ban sani ba."

"Da ba ka sani ba."

Sai ga kiran salla. Sabo ya zaro mukullin daga aljihu ya miƙa. Hashim bai karɓa nan take ba, har sai da Gwaggo ta ce, "Karɓi. Magana ɗaya na yi."

Sati biyu aka ba Sabo ya kwashe kayansa. Injinan da suka fi girma ya kwance ya cire wayarsu, sauran suka shiga buhu uku a ƙarƙashin gadonsa. Bukar ya yi fushi da shi har Juma'a biyu bai zo ba, ta uku ya aiko a ce masa yana gaishe shi. Da magina suka fasa ƙofar titi suka yi filasta, Hashim ya ce a nemo mai haɗa wuta. Sabo ya ce wane irin nema, ga shi a gida. Shi ya ja wayar shagon Nazeer tun daga mita, ya gwada kowane soket sau biyu. Na ƙarshen a bangon gabas ya kafa shi, daidai inda teburinsa yake da. Nazeer ya tambaye shi ko ya yi. Ya ce ya yi, ya tattara kayan aikinsa, ya fita ta sabuwar ƙofar.